Shin Ko Kun San? Ƙarin Da Ke Tsirowa A Jikin Jijiya Da Yadda Yake Fitowa A Hoton Asibiti

Shin ko kun san cewa akwai kullutun da ake gane asalinsa da ƙwanƙwasa ɗaya? Likita ya sa yatsa ya ɗan buga shi, sai mai shi ya zabura, ya ji wani abu tsirr ya bi hannunsa har ƙarshen yatsu. Kullutun kitse ba ya yin haka, kaluluwa ma ba ta yi. Mai yin haka shi ne ƙarin da ya tsiro a jikin jijiya, irin jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ba ta jini ba. Likitoci biyu, Jules Tinel na Faransa da Paul Hoffmann na Jamus, su ne suka bayyana wannan alama a 1915, kowa a nasa ɓangaren, lokacin da suke duba sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai kuma alama ta biyu da hannu ke ganewa: irin wannan kullutu yana motsawa gefe da gefe, amma ba ya yarda a tura shi sama ko ƙasa, domin jijiyar ta riƙe shi ta kai da gindi.

Shin ko kun san cewa mafi yawan irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne? Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, kuma girmansa a hankali yake, wani sai ya shekara 10 a jikin mutum. Ba ma daga zaren jijiyar yake fitowa ba, daga rigarta ne. Ku dubi wayar lantarki: akwai jan ƙarfe a ciki, akwai roba a waje. Robar jijiya ita ce wasu ƙwayoyin halitta da ke naɗe da zaren, waɗanda aka raɗa wa sunan Theodor Schwann, masanin Jamus da ya rayu daga 1810 zuwa 1882. In waɗannan ƙwayoyi suka yi ta haihuwa ba tsayawa, sai a sami ƙari.

Manyan iri biyu ne, kuma duk wanda ya fahimci bambancinsu ya fahimci rabin maganar nan. Na farko sunansa shuwanoma. Yana da tantani da ya kewaye shi, yana zama a gefen jijiya, yana ture zarurrukanta waje ɗaya ba tare da ya shiga cikinsu ba. An fi ganinsa tsakanin shekara 20 zuwa 50, a kai, da wuya, da cikin hannu da ƙafa ta gefen da gaɓa ke lanƙwasawa. Na biyu sunansa niyurofibroma. Shi ba shi da tantani na kirki, a tsakiyar jijiya yake, kuma zarurrukan jijiyar ta cikinsa suke ratsawa.

Me ya sa wannan bambanci yake da nauyi? Saboda likitan tiyata yana iya tsaga tantanin shuwanoma, ya ɓare shi, ya bar jijiyar da ranta, mutum ya tashi yatsunsa na motsi. Niyurofibroma kuwa sau da yawa ba ya fita sai da wani yanki na jijiyar. Ke nan tun kafin wuƙa ta taɓa fata ya kamata a san wanne ne a ciki, kuma wace jijiya ce yake kai. A nan ne hoto yake da rana. Ni a ganina babu kullutun da ke ba da wannan tsirr ɗin da ya cancanci a yanka shi a ɗakin sha-ka-tafi ko a hannun wanzami, komai ƙanƙantarsa. Kullutun zai fita, amma hannun na iya shanyewa har abada.

Shin ko kun san cewa wannan ƙari wutsiya biyu gare shi a hoto? In aka ɗauki hoton MRI ta tsawon hannu ko ƙafa, sai a ga abu mai siffar ƙwai, tsakiya da kauri, bakin nan da bakin can da tsini, jijiya ta shiga ta sama ta fita ta ƙasa. Masu karanta hoto suna kiran wannan alamar wutsiya, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi cewa daga jijiya abin ya fito. In jijiyar ta bi ta gefen ƙarin, hankali ya fi karkata ga shuwanoma. In ta shige tsakiyarsa, niyurofibroma.

Na'urar MRI ba ta amfani da hasken eksire. Maganaɗiso mai ƙarfi da igiyar rediyo take amfani da su, kuma aikin da ya haife ta ne ya sa aka ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield kyautar Nobel a 2003. Tana ɗaukar hoto iri-iri, amma biyu ne ginshiƙi. A wanda ake kira T1, kitse ne ke fitowa fari. A wanda ake kira T2, ruwa ne ke fitowa fari. Ƙarin jijiya a T1 launinsa kusan ɗaya da na tsoka, a T2 kuwa sai ya haska fes.

Ko kun san cewa kitse ma shaida ne? Manyan jijiyoyi a cikin shimfiɗar kitse suke tafiya tsakanin tsoka da tsoka. Ƙarin da ke girma a hankali ba ya cinye wannan kitse, buɗa shi yake yi. Shi ya sa a hoton T1 ake ganin siririn farin layi ya kewaye shi, musamman a sama da ƙasa. Ana kiran wannan alamar tsagaggen kitse, kuma tana kwantar da hankali, domin ƙarin daji mai saurin girma yakan share wannan layi.

Sai alamar da ta fi kowace suna, wato alamar bara. A hoton T2, tsakiyar ƙarin baƙi-baƙi, gefensa fari, kamar allon da maharba ke gwada saiti a kansa. Dalili shi ne tsakiyar cike take da zare mai tauri, gefen kuwa da wani abu mai yauƙi da ruwa-ruwa. An fi ganinta a niyurofibroma, ko da yake shuwanoma ma na nuna ta wani lokaci. Akwai kuma ƙananan zobba da yawa da ake gani a cikin ƙarin in an yanko hoton a kwance, waɗanda ke nuna damin zarurrukan jijiya. Amma fa a faɗi gaskiya, duk da waɗannan alamu, akwai lokacin da ƙwararren mai karanta hoto ba zai iya rantsuwa cewa wannan shuwanoma ne ko niyurofibroma ba. Abin da hoto ya fi iya faɗa da ƙarfi shi ne daga jijiya ne, kuma ga jijiyar.

Shin ko kun san cewa na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana ganin jijiya? Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin MRI sai manyan asibitoci kuma da tsada, sikanin kuwa ya shiga garuruwa da yawa. In aka sa mata kan da ake duba abin da ke kusa da fata, ƙarin jijiya yana fitowa baƙi-baƙi, mai santsin gefe, kuma bayansa yana ƙara haske. Wannan hasken na baya shi ne tarkon, domin haka jakar ruwa take yi. Wanda ya yi gaggawa sai ya ce ruwa ne a zuƙe, ko kuma kaluluwa ce a soka allura a ɗebo. Allura ta taɓa jijiya, mai ciwo ya ji azabar da ba zai manta ba. Abin da ke raba gardama shi ne a juya kan na'urar ta tsawon gaɓa a nemi wutsiyar nan, a kuma kunna launin da ke nuna gudanar jini: ƙari yana da jini a ciki, jakar ruwa ba ta da shi.

Ko kun san cewa shuwanoma na tsufa? In ya daɗe ƙwarai, cikinsa yakan narke ya yi kogon ruwa, ya yi zubar jini, wani wuri ya ƙandare ya yi tauri kamar ƙashi. Likitoci biyu, Ackerman da Taylor, suka sa masa suna tsohon shuwanoma a 1951. A hoto sai ya fito dabbare-dabbare, har ya tsorata mai dubawa ya zaci daji ne, alhali tsufa ne kawai. Haka kuma a hoton PET, wanda ke nuna inda jiki ke shan sukari da yawa, shuwanoma marar illa na iya haskawa tamkar ciwon daji. A ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji ma fuska biyu gare shi, wani wuri ƙwayoyi a cunkushe, wani wuri a warwatse, kuma har yau da sunan Nils Antoni na Suwidin ake kiran wuraren biyu, tun bayaninsa na 1920.

Shin ko kun san cewa mutumin da ya daina amsa waya da kunne ɗaya, ya koma ɗayan ba tare da ya lura ba, yana iya kasancewa da irin wannan ƙari a cikin kai? Jijiya ta 8 daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ita ce ta ji da daidaita tsayuwa. Shuwanoma na tsirowa a reshenta na daidaita tsayuwa, a cikin wani ɗan siririn rami na ƙashi da ya taso daga cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ne kusan kashi 8 cikin 100 na ƙarin da ake samu a cikin ƙoƙon kai, kuma a wannan lungu na bayan kunne, 8 cikin kowane 10 shi ne. Alamunsa ba su da hayaniya: ji yana raguwa a kunne ɗaya, kunnen yana ƙara ba dare ba rana, wani lokaci da ɗan jiri. Mutane da yawa sai su ce dauɗar kunne ce, ko tsufa. Tsufa kuwa kunne biyu yake kamawa tare. Kunne ɗaya tak da ke mutuwa a hankali, a kai shi a auna.

A hoton MRI bayan an yi allurar ruwan gadoliniyom, wannan ƙari yana haskawa fari tas, kuma siffarsa ba ta ɓuya: siririn gindi a cikin ramin ƙashi, dunƙulallen kai a waje ta gefen ƙwaƙwalwa. Masu karanta hoto suna kamanta shi da askirim a kan mazurarinsa. Na'urar na iya kama shi tun yana milimita 2 ko 3. A farkon ƙarni na 20 kuwa ba a gane shi sai ya yi girman da ya danne ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin ba sa tashi. Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan wannan ƙari a 1917, shi ya fara rage wannan mace-mace. A 1969 Lars Leksell na Suwidin ya fara ƙona shi da haske daga waje ba tare da an buɗe kai ba. Abin mamaki kuma, yau da yawa daga cikin ƙananan ba a taɓa su sam. Bibiyar dubban masu shi, musamman a Denmak, ta nuna cewa da yawansu ba sa ƙara girma, don haka sai a riƙa maimaita hoto lokaci-lokaci ana sa ido.

In aka same shi a kunne biyu duka, wannan wata magana ce daban. Cutar gado ce da ake kira NF2, wadda aka gano ƙwayar gadonta a kuromosom na 22 a 1993.

Ko kun san cewa ƙashi na kauce wa ƙarin jijiya? A gadon baya, jijiyoyi na fita daga laka ta wasu ƙananan ƙofofi tsakanin ƙashi da ƙashi. Ƙarin da ya tsiro daidai ƙofar sai ya kumbura ta ciki, ya kumbura ta waje, tsakiyarsa a tsuke. Da yake a hankali yake turawa, ƙofar takan faɗaɗa, bakinta sumul, ba a ciccinye ba. Wannan santsin baki shi ke gaya wa likita cewa abin ya daɗe kuma ba mai cin ƙashi ba ne, kuma siti-sikan ya fi MRI nuna shi. A ƙirji ma, in hoton eksire ya nuna dunƙule a can baya kusa da gadon baya, ƙarin jijiya ne abin da aka fi samu a wannan wuri. Sau da yawa hoton tari ko na neman aiki ne ke tona shi.

Shin ko kun san cewa mutumin nan da kuke gani jikinsa duk ƙuraje masu laushi, manya da ƙanana, ɗaruruwa, ba a ɗaukar cutarsa? Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma abin da ya ci ba ne. Sunanta NF1, kuma Friedrich von Recklinghausen na Jamus ne ya yi cikakken bayaninta a 1882. Kusan mutum 1 cikin 3,000 ake haifa da ita, a kowace ƙabila. Ƙwayar gadonta na kuromosom na 17, an gano ta a 1990. In uwa ko uba na da ita, kowane ciki rabi da rabi ne. Amma kusan rabin masu ita babu wanda suka gada, a kansu ta fara, don haka zargin dangin miji ko na mata ba shi da tushe. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ƙin cin abinci da su, a ƙi gaisawa da su, a hana su aure, a kan abin da ko kwana kuka yi a shimfiɗa ɗaya ba zai tsallako ba. Kowane ƙurji da kuke gani ɗan ƙaramin niyurofibroma ne na jijiyar fata. A sani kuma, kusan kashi 90 cikin 100 na niyurofibroma guda ɗaya ne tilo a jikin mutumin da ba shi da wannan cuta.

Tun yaro na goye ake iya gane NF1. Alamarta tabbai ne shimfiɗaɗɗu masu santsin gefe, waɗanda a baƙar fata sukan fi sauran jiki duhu kaɗan, har a ɗauka tawadar Allah ce. Guda 1 ko 2 ba komai ba ne. In sun kai 6, kowane ya wuce milimita 5 a yaro ko milimita 15 a baligi, a nuna wa likita. Akwai kuma ɗigo-ɗigo a hammata da matsematsi. Wasu yaran ƙaurinsu yakan lanƙwasa, ya karye, ya ƙi haɗewa duk ɗorin da aka yi, domin ƙashin ne da kansa ke da rauni a wurin.

Mafi nauyin abin da NF1 ke kawowa shi ne ƙarin da ke bin jijiya da rassanta duka, ya kumbura su, ya murɗe su. In an taɓa, littattafan likitanci sun ce kamar jakar tsutsotsi. A hoton T2 kuwa sai a ga alamar baran nan ba ɗaya ba, ba goma ba, jere bisa jere. Yana iya sa fuska ta zazzago, ko ƙafa ɗaya ta ninka ɗaya. Cire shi duka da wuya, kuma yana zubar da jini sosai a wurin aiki. A Afrilun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da selumetinib, maganin sha na farko da ke rage girmansa a yara 'yan shekara 2 zuwa sama waɗanda ba a iya yi wa tiyata.

Wannan iri ne kuma ke iya rikiɗa ya zama daji. Tsakanin kashi 8 zuwa 13 cikin 100 na masu NF1 sukan gamu da haka a tsawon rayuwa. Alamun da ba a yi musu jinkiri: kullutun da ya daɗe shiru ya tashi girma da sauri, ya yi tauri, ya fara ciwon da ke hana barci, ko gaɓa ta fara rauni. A hoto kuwa, girman da ya wuce santimita 5, gefen da ya daina santsi, kumburin naman da ke kewaye, da ɓacewar alamar bara daga inda take a da.

Ko kun san cewa Joseph Merrick, Baturen Ingila da aka riƙa nunawa a kasuwa ana biyan kuɗin kallo saboda siffarsa, wanda ya rasu a 1890, an shafe shekaru ana cewa NF1 gare shi? A 1986 masana suka kawo hujjar cewa wata cuta ce daban mai suna Proteus.

Shin ko kun san cewa wasu masu sunan ƙari ba ƙari ba ne? Wanda ake kira niyuromar Morton tabo ne da kaurin nama da ke kewaye jijiyar tafin ƙafa, galibi tsakanin yatsa na 3 da na 4. Thomas Morton na Filadelfiya ya bayyana shi a 1876. Mata ya fi kamawa, kuma matsattsen takalmi mai tsini na da hannu a ciki. Mai shi ji yake kamar ya taka tsakuwa, sai ya cire takalmi ya murza ƙafa. A MRI ba ya haskawa a T2 kamar sauran, duhu yake fitowa, domin tabo ne ba ruwa a ciki.

Haka ma dunƙulen da ke fitowa a bakin dungu bayan an yanke hannu ko ƙafa. Jijiyar da aka datse tana ƙoƙarin sake tsirowa, ta rasa inda za ta, sai ta cukurkuɗe. Yakan bayyana cikin wata 1 zuwa 12. A sikanin wutsiya ɗaya gare shi, jijiya ta shiga ba ta fita ba. Duk wanda hatsarin mota ko ɗorin da aka ɗaure tamau ya raba da gaɓa, kuma ƙafar roba ta gagare shi sawa saboda wani wuri guda mai zafi, a duba masa wannan, domin ana maganinsa.

Akwai wanda hoto kaɗai ya isa, ba sai an yanko nama ba. Kitse ne ke shiga tsakanin zarurrukan jijiya, galibi babbar jijiyar tsakiyar wuyan hannu, tun ƙuruciya, wani lokaci har yatsa ɗaya ya fi sauran girma nesa ba kusa ba. A hoton T1 sai a ga baƙaƙen ɗigo cikin farin kitse, kamar an datse kebul an leƙa bakinsa. Akwai kuma jakar ruwa mai yauƙi da ke tasowa daga gaɓar gefen gwiwa ta bi cikin jijiya, ta sa ƙafa ta riƙa ja da ƙasa. Robert Spinner na asibitin Mayo ya nuna a 2003 cewa in ba a toshe hanyar da ta taso daga gaɓar ba, dawowa take yi.

Shin ko kun san cewa a ƙasashenmu akwai abin da dole a fara tunawa kafin a ce ƙari ne? Kuturta na kumbura jijiya, musamman ta bayan gwiwar hannu, da ta gefen gwiwar ƙafa, da ta gefen wuya ƙarƙashin kunne, wani lokaci har ta tara mugunya a ciki ta yi kullutu. Akwai ma nau'in da jijiya kaɗai yake kamawa, babu tabo ko ɗaya a fata. A sikanin ba ƙwai mai wutsiya biyu ake gani ba, doguwar jijiya ce ta yi kauri tsawon santimita da yawa, zarurrukanta sun dushe, kuma sau da yawa jijiya fiye da ɗaya. Wannan ba aikin wuƙa ba ne da farko, ƙwayoyi ne na wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'in, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba su kyauta.